Abin da Inna Ta Wanke

Inna ta ciro hankici daga jaka ta goge bencin asibitin kafin ta bar 'yarta Auta ta zauna. Ta goge nata wurin ma, ta ninke hankicin yadda gefen da ya taɓa benci zai koma ciki, sannan ta zauna tana ƙare wa daɓen barandar kallo. Wanda ya goge wurin nan bai san aikinsa ba. Ya bar sawun tsumma a kan tayil, lungun bayan ƙofa kuwa ko leƙa shi bai yi ba. Ita da ta tsufa tana share ofisoshin wani kamfanin inshora, har ma'aikata suka laƙaba mata Tsaf-tsaf, kallo ɗaya ya ishe ta gane aikin ganin ido.

A can ƙarshen barandar mijin Auta ne tsaye, ya jingina da bango, yana juya makullin mota a yatsa. Direban bas ne mai dogon zango. Da suka iso ya rusuna ya gaishe ta, ta amsa da ka kawai.

"Inna, ki ce masa ya zauna mana," in ji Auta a hankali. "Jiya ya kwana yana tuƙi."

"Na riƙe masa ƙafa ne? Ga benci nan reras."

Auta ta dafa cikinta da ya fara turo riga. Cikin fari ne. Tun bayan aurenta take fama da abin da mata ke kira sanyi: ƙaiƙayi, ruwa mai ƙarni, wani lokaci har da zafin fitsari. A sayo magani a kemis ya lafa, a jima kaɗan ya dawo. Da ciki ya shiga sai abin ya tsananta. Inna ta auna maganar ta kowane gefe, amsa ɗaya take samu. Yarinyar da ta raina da hannunta, wadda ko cokali ba ta mayarwa kwando sai ta ɗauraye shi sau biyu, ba daga wurinta ƙazanta za ta fito ba. Saura wa? Mutumin da yau ya kwana a wannan tasha, gobe a waccan.

Makon da ya wuce ta je gidansu ta faɗa masa haka, a gaban yayarsa wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ba ta ɗaga murya ba, amma ba ta rage kalma ko ɗaya ba. Ta sa Auta ta haɗa kaya suka taho. Yayar ce ta biyo su bakin ƙofa ta ce tun da abin ya kai haka, a je asibiti a auna su duka biyun. Aka yi. Yau ake karɓar sakamako, kuma Inna ta riga ta yanke: idan takarda ta nuna abin da ta sani, Auta ba za ta koma gidan nan ba.

Nas ta leƙo ta kira su. Direban ya ɗago daga bango, nas ɗin ta ce ya dakata tukuna, matarsa ake so.

Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau a saman goshi kamar ta manta da shi a can. Ta fara tambayar Auta ko ta yarda mahaifiyarta ta zauna. Inna ta ji tambayar wani iri, amma Auta ta ce ta yarda. Likita ta duba takardun ta ce mijin ya ba da izinin a faɗi nasa sakamakon a gaban matarsa. Duk cututtukan da ake ɗauka ta saduwa an nema a jikinsu, ba a samu ko ɗaya ba, daga shi har ita.

Inna ta gyara zama. Ta ce a gafarce ta, ba wai tana koya wa likita aiki ba ne, amma maza suna da dabara. Wani zai sha ƙwaya kafin ya zo, awo ya nuna shi fes. Likita ta saurare ta har ƙarshe. Ta ce akwai abin da ke damun Auta, an gan shi, kuma yana da magani, sai dai ba irin wanda ake zargi ba ne. Kalmar sanyi, in ji ta, ta yi wa mata yawa: cututtuka daban-daban ne aka tara a ƙarƙashin suna ɗaya, wasu ana kawo su daga waje, wasu a gida suke tashi. Daga nan ta juya ga Auta ta tambaye ta yadda take wanke gabanta.

Auta ta dubi Inna.

Wannan tambaya ce da Inna take da amsarta a hannu, har ta ji wani daɗi ya ratsa ta. Ta ce ta nan kam babu abin dubawa, domin ita ta koya mata da kanta da aure ya matso, kamar yadda mace mai mutunci za ta koya wa 'yarta. Ruwan ɗumi, a ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda ke yin fari idan ya shiga ruwa. Akwai 'yar roba mai dogon baki da ake matsawa, ruwan ya shiga har ciki, safe da yamma. Sabulu mai ƙamshi a kai. Da ciwon ya taso ta ce mata ta ƙara yawan wankin, ta ƙara ƙarfin maganin, kuma ruwan ya yi zafi sosai, tun da sanyi ne.

"Tun da ta dawo wurina ni nake haɗa mata ruwan," in ji Inna. "Ko sau ɗaya ba mu yi fashi ba."

Likita ta sauko da tabarau kan hancinta, ta ajiye biro.

"Mama, wankin nan shi ne babban abin da nake zargi."

Inna ba ta gane ba. Ta ɗauka ana nufin bai isa ba, har ta buɗe baki za ta tambayi wane magani ya fi ƙarfi.

Likita ta yi bayanin a tsanake, tana duban Inna maimakon Auta. Ta ce cikin jikin mace ba kamar daɓen ɗaki ba ne da ake so a kashe duk abin da ke kansa. Akwai wasu ƙananan halittu da Allah ya ajiye a wurin, ido ba ya ganin su, su ma ƙwayoyin cuta ake kiran su, amma su ne masu gadi. Suna sa wurin ya kasance da ɗan tsami, tsamin da miyagun ƙwayoyi ba sa iya zama a cikinsa. Wurin yana wanke kansa da kansa, ɗan ruwan da ke fita shi ne wankin. Idan aka tura magani da sabulu ciki, masu gadin ne suke fara mutuwa, sai miyagun su sami fili. Ƙarni ya taso, a ƙara wanki, a ƙara kashe masu gadi. Ƙwayoyin kemis da ake sha ba da awo ba su ma haka suke yi, ba sa bambanta na gida da baƙo.

"Ƙwayoyin cuta fa kika ce," in ji Inna. Muryarta ta fito siririya. "Ni aikina ke nan, kashe su. Ta yaya cuta za ta zama mai gadi?"

"Sunan ne ya cuce mu. Ba dukansu ne cuta ba."

Likita ta ci gaba, amma Inna sama-sama take ji. Za a ba Auta maganin da ya dace da mai ciki, ta sha shi har ya ƙare. Ruwa zalla a waje, kada komai ya shiga ciki. Kamfai na auduga, ba mai matsewa ba. Ta sha ruwa da yawa, kada ta riƙe fitsari, ta rage zaƙi, ta sami barci, a rage mata tashin hankali. Sai Auta ta tambayi abin da take tsoro tun farko, ko abin zai taɓa jaririn. Likita ba ta ɓoye ba. Ta ce irin wannan idan aka bar shi yana iya jawo haihuwa kafin lokaci, shi ya sa ta ji daɗi da suka zo yanzu.

Inna ta dubi hannuwanta da ke kan cinyarta. Fatar yatsun ta bushe ta yi fari saboda shekarun omo da bilic. Da safiyar nan ma su suka auna maganin a murfin kwalba, suka taɓa ruwan suka ji zafinsa ya yi daidai, suka miƙa wa Auta bokiti a ƙofar bayi. Ta ji ɗakin ya yi mata nisa, kamar ana magana a gidan maƙwabta.

Akwai abin da ko Auta ba ta sani ba. Inna ma tana da sanyin nan, tun tana amarya. Yayar mahaifiyarta ce ta koya mata wankin. Baban Auta mai gyaran rediyo ne, ɗan shagonsa yana bakin layi, daga gida ana hango shi sunkuye a kan tebur. Ya rantse mata har ya gaji cewa bai san wata mace ba bayan ita. Ba ta fita daga gidansa ba, amma ta raba shimfiɗa da shi, ta ware masa kofinsa da tawul ɗinsa, ta riƙa wanke kayansa dabam. Ya daina rantsuwar, ya koma mai shiru. Haka suka zauna har cutar ajali ta same shi. Kuma bayan rasuwarsa ciwon bai tafi ba. Ta ce wa kanta tabon da ya bar mata ne.

"Likita," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba. "Macen da mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta kuma sake aure ba. Tana iya samun wannan?"

"Tana iya samu. Har wadda ba ta taɓa aure ba tana samu."

Auta ta juyo ta dubi mahaifiyarta, ta daɗe tana dubanta. Likita ta jawo takardar magani ta fara rubutu.

Da suka fito, direban ya taho da sauri ya tsaya nesa kaɗan, kamar yadda ya saba tsayawa a gaban surukarsa. Idanunsa sun yi ja don rashin barci. Bai jira an yi magana ba. Ya ce ya yi ta tunani a hanya, shi dai Allah ya sani bai taɓa kusantar wata ba, amma bayin tasha ba shi da kyau, kowa shiga yake yi, wataƙila a can ya kwaso wani abu bai sani ba. Idan haka ne a gafarce shi, duk maganin da aka rubuta zai sha.

Inna ta ga ƙofar da ya buɗe mata. Likita ba za ta faɗa wa kowa ba. Auta kuwa ko za a yanka ta ba za ta tona mahaifiyarta ba, ga ta nan ta sunkuyar da kai tana murza takardar magani. Abin da ake bukata kawai ta ce to, Allah ya kiyaye gaba. Auta ta koma ɗakinta, a daina wankin a ɓoye, ciwo ya warke, shi kuma ya ci gaba da ɗaukar laifin bayin tasha. Ta san yadda namiji yake komawa idan ya ɗauki irin wannan kaya ya daɗe da shi.

"Ba kai ba ne," in ji ta. "Ba bayin tasha ba ne kuma. Wani wanki ne na koya mata, shi ya jawo. Ni ce."

Ya dube ta, ya dubi matarsa. Makullin ya daina juyawa a yatsansa. Ta yi zaton zai ce ba komai, irin abin da ake faɗa wa manya, amma bai ce ba. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta. Ya ce Yaya ta riga ta kira dangi ta faɗa musu abin da aka ce ya yi. Har a tasha an ji, yaran mota suna yi masa wani irin kallo.

"Gobe zan je wurin yayarka," in ji Inna. "Ta tara waɗanda ta faɗa wa. A gabanta na yi maganar, a gabanta zan janye ta. Na tasha kuwa ban san yadda zan yi da su ba."

"A bar su," in ji shi. Ya miƙa hannu ya karɓi takardar maganin daga hannun Auta, ya karanta ta kamar yana gane rubutun likita. "Kayanki suna wurin Inna ko?"

Auta ta ce suna can. Ya ce to a biya a ɗauka. Ya juya ga Inna ya ce ta zo ya sauke ta a gida, mota tana waje.

Inna ta ba Auta makullin ɗaki ta ce su yi gaba, tana da sauran abin yi a nan. Ta tsaya tana kallon su har suka kai ƙarshen barandar, shi a gaba, Auta a baya tana tafiyar masu ciki. A bakin matakala ya tsaya ya jira ta.

Inna ta koma wurin da ake yankar kati ta shiga layi. Da aka zo kanta, yarinyar da ke bayan taga ta tambaya ba tare da ta ɗago ba, wa za a yankar wa.

"Ni."

"Ɓangaren mata? Tun yaushe abin yake damun ki, Mama?"

Inna ta dubi yarinyar, fuskarta ko kurajen ƙuruciya ba su gama barin ta ba.

"Rubuta dai ya daɗe," in ji ta.