Ƙotocin da Shehu Ya Kawo

Ƙasimu mai fenti ne a Gyadi-Gyadi, gidansa ba nisa da titin Zariya. Sana'arsa zane a jikin manyan motoci masu bodin katako: zaki, ɗawisu, fulawa, da addu'ar sauka lafiya a goshin mota. Direbobi sun san shi, shi ma ya san wanda ke lodin Jos da wanda ke lodin Ikko.

Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, wata rana da hantsi cikin damina, sai ga Shehu, yayan matarsa Indo, da buhu a kafaɗa. Shehu ya yi soja, aka sallame shi da rauni a cinya, ya kama ɗaki a Tarauni. Tun da ya dawo ba wanda ya san da me yake ci.

Ya jira har Indo ta shiga madafa, sannan ya zazzage buhun a tsakar gida. Ƙotocin bindiga ne guda uku, an kwance ƙarafansu.

"Fenti za ka yi musu, irin dabbare-dabbaren kayan soja," in ji Shehu. "Farauta za mu a dajin Falgore."

"Farauta da damina, Yaya? Ai ciyawa ta fi mutum tsawo."

"Kai dai yi fenti. Kuma a cikin gida, ba a bakin titi ba."

Ƙasimu bai iya yi wa yayan matarsa musu ba. Ya shimfiɗa buhun a gindin darbejiya, ya bi katakon da samfefa. Biyu suka yi fes. Ta ukun akwai wani baƙin tabo da ya jiƙa cikin itacen, ya goga har yatsunsa suka yi zafi bai fita ba. Bai so ya yi tunanin ko mene ne ba, ya rufe shi da kore.

Da koren ya sha iska, ya tsinko ganyen darbejiya ya jera a kai, ya riƙa dangwala ruwan ƙasa da soso, in ya ɗaga ganyen sai surarsa ta zauna. Ya bi da baƙi, siriri, a karkace. Da ya jingina guda a jikin zana ya ja da baya, sai da ya ƙura ido kafin ya gano ta. Aikin ya yi kyau, kyansa kuma shi ya fi damunsa.

Shehu ya leƙo kafin fentin ya gama bushewa. Ya tsuguna yana shan fura, yana hira sama-sama.

"Motar Tankon nan da ka yi wa ɗawisu, har yanzu fataken atamfa yake ɗauka?"

"Su yake ɗauka."

"Laraba yake tashi, ko?"

Ƙasimu ya ce e, kafin ya ankara.

Da la'asar ɗin da ya kai ƙotocin Tarauni hadari ya haɗu a gabas, gero ya yi tsawo a gonakin da ke tsakanin unguwannin biyu. Ɗakin Shehu na ƙarshen layi. Ya tarar da Shehu da wasu mutum biyu da bai sani ba, ba wanda ya amsa sallamarsa da ƙarfi. An shanya kakin soja a igiya cikin ɗaki, ga fili a waje. A ƙarƙashin gado akwai dogon katako da aka jera wa ƙusoshi, tsininsu na kallon sama.

Ɗaya daga cikinsu, wani siriri mai tsagar fuska, ya zaro ƙarfen bindiga daga cikin tabarma, ya haɗa shi da ƙotar a gaban Ƙasimu ba tare da ya kalli hannunsa ba. Ya ɗaga, ya auna ƙofa, ya juyo da bakin a hankali har ya tsaya daidai ƙirjin Ƙasimu.

"Mai fenti, hannunka yana da kyau," ya ce. "Bakinka fa?"

"Mijin ƙanwata ne," in ji Shehu. "Sauke."

Ruwa ya kama Ƙasimu a hanya, bai ko fake ba. Bai nufi gida ba sai da ya biya tasha, ya ja Tanko gefe.

"Kada ka tashi Laraba. Kada kuma ka tambaye ni dalili."

Tanko ya daɗe yana kallonsa. Ranar Laraba ya buɗe injin motarsa ya ce ta lalace. Fataken ba su jira ba, suka kwashe kayansu zuwa motar Polycarp, wani direba mai fara'a da bai daɗe da dawowa Kano daga yankin Gabas bayan yaƙin ba. Shi ma Ƙasimu ne ya rubuta masa sunan 'yarsa a ƙofar mota.

Washegari labari ya iso tasha. Wasu masu kayan soja sun tare hanya gaba da Kwanar Ɗangora. Polycarp ya ɗauka shingen hukuma ne ya tsaya, da ya gane 'yan fashi ne ya yi ƙoƙarin jan mota, suka harbe shi a kan sitiyari.

Ƙasimu ya daina cin abincin kirki. Ya yi niyyar zuwa wurin 'yan sanda, ya kai bakin titi ya dawo. In ya faɗa, wa ya yi fentin?

Kafin kaka aka kama Shehu da bindiga ɗaya, kotun fashi ta yanke masa hukuncin harbi. Sauran biyun ba a same su ba. Indo ta je kurkuku ganinsa, ta dawo ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ko mayafi ba ta cire ba.

"Malam, Yaya ya ce in gaya maka bai ambaci sunanka ba. Amma abokansa sun ce wani ne ya tsegunta wa Tanko, kuma sun san gidan nan." Ta ɗago ta dube shi. "Ka san abin da za su yi da itatuwan nan lokacin da kake shafa musu fenti?"

"Ban sani ba," ya ce. Sannan ya ƙara, "Na zata."

Ta tashi ta fara haɗa kwanuka.

Da safe Tanko ya kawo mota, suka loda gado da tukwane da gwangwanayen fenti, suka nufi Hotoro, wurin wani kawun Ƙasimu. Maƙwabta na tambaya, Indo na cewa ɗakin ne ke yoyo. Ƙasimu ya zauna a baya cikin kaya, fuskarsa na kallon hanyar da suka baro.

Tun daga Gyadi-Gyadi wani mai keke ya biyo su, ya ja hula har gira. In mota ta rage gudu saboda taɓo, shi ma sai ya rage. Da suka karya kwanar Hotoro ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya tsaya yana kallon layin da suka shiga.