Bayan Rumfar Albasa

Ƙasimu yana kwance rigingine a kan tsohon buhu bayan rumfar albasa, ya tsuke ciki yana ɗaga ƙugu a hankali, sai ya ji an shuri tafin ƙafarsa.

"Mi kaka yi nan awa mai naƙuda?"

Lawwali ne, shugaban 'yan dakon kasuwar Goronyo. Ƙasimu ya ƙarasa sauke numfashi kafin ya zauna.

"Magani nika yi, Shugaba. Motar kaya ba ta iso ba."

Bara ne bayansa ya riƙe har sallah sai daga zaune. A wani asibiti a Sakkwato wata ma'aikaciya ta koya masa wannan motsa jiki: ba gudu, ba tsalle, sai numfashi da ƙarfafa naman ciki don ya tallafi gadon baya. Da shi ya koma ɗaukar buhu, da shi yaransa ke cin tuwo.

Lawwali ya ƙwala wa sauran 'yan dako kira. Suka taru suna dariya, wani ya kwanta a ƙasa yana wutsil-wutsil da ƙafa yana nishi.

"Ku dubi ƙato!" in ji Lawwali. "Mace ta koya mai birgima. Masu kaya suna hwaɗin na tara marasa lahiya. Ko ka bar wanga iskanci, ko ka bar min kasuwa."

"In na bari, bayana ya tahi."

"To tahi da shi!"

Lawwali ya sunkuya a fusace zai fizge buhun ya jefar. Bai iya ɗagowa ba, bayansa ya riƙe. Ya tsaya a duƙe, hannu ɗaya a ƙugu, hularsa ta faɗi cikin ɓawon albasa. Dariya ta ɗauke.

"Wash! Ƙasimu... kama ni."

Ƙasimu ya dube shi, ya dubi waɗanda suka gama yi masa dariya. Ya miƙe, ya zare buhunsa daga hannun Lawwali, ya kakkaɓe, ya naɗe.

"Kada ku ɗago shi da ƙarhi," ya ce musu. "Kai kuma ja numhwashi ta hanci, ka sake shi sannu."

"Ina za ka?"

"Kai kac ce in tahi."

Ya ratsa tsakanin buhunan ya nufi tashar Wurno, inda ya ji ana neman masu lodi.