Ɓargon Injiniya

Likita ta kifa takardar sakamakon gwajin jini, ta zana ƙashi da biro a bayanta, ta cika cikinsa da ɗigo-ɗigo.

"Nan ne ɓargo," ta ce. "Akwai ƙwayoyin da ke haifar da jini, akwai kuma waɗanda aikinsu kawai ciyar da su da yi musu shimfiɗa. Sankarar jinin ƙanwarki ta janye masu hidimar nan, su suke ɓoye ta duk sanda muka sa magani. Shi ya sa ciwon ya dawo. Abin da ya rage shi ne dashen ɓargo."

"To a ɗebi nawa mana," na ce, har ina nannaɗe hannun riga.

"Naki bai dace ba, 'yar'uwa. Na ƙaninki ne ya dace. Ki sanar da shi yau, don ba mu da lokaci."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Injiniya! Duk gidanmu a rasa wanda zai ceci Auta sai shi? Ni aka cire daga makaranta in yi renonta da mahaifiyarmu ta rasu, shi kuwa aka bar shi ya yi ta karatu har Baba ya manta sunansa na yanka. Wata takwas ke nan na rufe shagon ɗinkina na tare a asibiti. Ni ke kwashe amanta, ni na aske mata kai ina kuka tana ba ni haƙuri. Shi sau ɗaya ya leƙo, ranar gwajin jini, da hankici a hanci, wai ya ajiye mota a inda bai kamata ba.

Na ninke takardar gida huɗu, na cusa ta ƙasan jakata.

* * *

Washegari Baba ya zo da sandarsa, ya zauna a kujerar roba yana haki.

"Ina labarin gwajin?"

"Bai fito ba tukuna, Baba."

Ko ƙifta ido ban yi ba. Auta na kwance ta juya mana baya, robar ƙarin ruwa na ɗiga a hankali.

"Allah ya sa na Injiniya ne," in ji Baba. "Yaron nan jininsa mai ƙarfi ne. Ke kuma ki riƙa buɗe tagar nan, ɗakin duk warin magani."

Kishi nake, ba zan ɓoye ba, kishi mai hana haɗiyar ruwa. Ba mutuwar Auta nake so ba, Allah shi ne shaidata. Kwana ɗaya kawai nake so in ƙara ina matsayin wadda take da ita. Kwana ɗayan ya zama biyu.

A safiya ta uku ina goge mata fuska sai jini ya ɓalle daga hancinta. Ya jiƙa tawul, ya jiƙa matashi, nas biyu suka shigo da gudu suka ture ni gefe. A baranda na tsaya, na kira Injiniya a waya.

* * *

Kafin azahar ɗakin ya cika da dangin da ban ga ƙeyarsu ba tun fara jinya. Injiniya ya sha farar riga yana ta ƙamshi, ya dafa kafaɗar Auta ana ɗaukarsu hoto.

"Namiji ke nan!" in ji gwaggonmu. "Ke tela, matsa mana, kin tare haske."

Na matsa. Da suka watse na kwashe kwalaben da suka bari, na ɗebo ruwan ɗumi da tsumma, na zauna ina goge wa Auta busasshen jinin da ya maƙale a wuyanta.

"Yaya," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na'am, Autata."

"Tun shekaranjiya na ga takardar. Ina neman man leɓe a jakarki."

Tsumman ya tsaya a hannuna.

"Me ya hana ki faɗa wa Baba?"

"So nake ke ki kira shi da kanki." Ta lumshe ido, ta karkatar da kai ta miƙo mini ɗaya gefen wuyan. "Saura nan, Yaya. Ruwan ya fara hucewa."