Shekara Uku Allo Bai Yi Ja Ba

Shekara uku cif allon da ke ofishin Darakta bai taɓa yin ja ba. Allon nan shi ke nuna lafiyar ruwan da matatar ruwa ke tura wa gari: in ruwa lafiya lau ya nuna kore, in ya ɓaci ya nuna ja. To, kore yake safe da yamma, rani da damina. Baƙi in sun zo cibiyar bincike sai an kai su gabansa an ɗauki hoto, kai ka ce jariri aka haifa.

Wata Litinin Darakta ya kira Injiniya. Ita aikinta tone-tonen manhaja ne, ta bi ta layi-layi har ta gano inda ta yi ƙarya.

"Rahoto nake so," in ji shi, ko kallonta bai yi ba. "Na ma rubuta miki kan maganar: manhajarmu ba ta kuskure. Ke dai ki cike ƙasan, za a kai wa masu ba da lambar yabo. Sannan tunda na'urar awon ruwa ta iya aikinta, tsohon nan na matata, Baban Tanki, ƙarshen wata zai tafi gida ya huta."

Sati biyu ta yi tana karatun manhajar har idonta ya fara ruwa. Ba ta sami kuskure ba, kuma abin da ya hana ta sukuni ke nan. Lambar da na'urar awo ke aikowa ɗaya ce tak, ba ta hawa ba ta sauka. Ta duba ranar da aka ɗauke wuta awa tara, janareta ya ƙi tashi, injunan tacewa duk suka tsaya: lambar tana nan. Ta duba ranar da aka yi ruwan da ya karya gada, kogi ya zo jawur: tana nan daram.

A gida maigidanta ya ce, "Ke dai ba a iya miki. An ba ki abu mai lafiya, kin zauna kina nema masa cuta." Yana faɗa yana tarar ruwan famfo zai haɗa wa 'yarsu madara. Ta bi kofin da kallo. Washegari ta nufi matata.

Ta sami akwatin na'urar a jikin babban bututun da ke fita gari. Wayar awon ce ba ta shiga bututun ba. Wayar ta bi bango, ta kewaye tankin alif, ta haura taga. Injiniya ta bi ta har cikin wani ɗan ɗaki mai benci ɗaya da buta. Nan wayar ta ƙare, a cikin shuɗin bokiti, an rufe shi da faranti.

Ta ɗaga farantin. Ga kan na'urar nan kwance cikin ruwa garai-garai, hankali kwance, ta fi duk ma'aikatan cibiyar samun hutu.

"Mayar da murfin, 'yata, ƙura za ta shiga."

Baban Tanki ne a bakin ƙofa, siriri, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Ko gezau bai yi ba.

"Baba! Mene ne wannan?"

"Bokiti ne. Kullum da safe nake canza mata ruwa."

Ya zaunar da ita ya ba ta labari. Da aka kawo na'urar, a bututu take. Duk sanda ta nuna ja, sai ya rubuta ya ce alif ya ƙare, ko kulorin ya yi ƙasa, ko janareta na neman gyara. Amsar da ke dawowa takardar tuhuma ce: ya yi bayanin dalilin da ya sa yake ɓata wa cibiya suna. Bakwai ya tara cikin wata huɗu, a ta bakwai har da dakatarwa.

"Da na dawo sai na ce, to, wannan baiwar Allah ita ke haɗa ni da manya. Na samo mata bokiti. Wallahi tun ranar ban sake roƙon alif ba. Da mota ake kawowa, wai matatar da ta fi kowacce ƙoƙari ba a barinta da rashi."

"Ruwan da mutane ke sha fa? Wa ke duba shi?"

Ya ɗan ji haushi. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci: kofunan gilashi shida, kwalbar gwaji, da littattafai sun fi ashirin. Duk bayan awa biyu yake ɗiban ruwa ya gwada ya rubuta. In ya ga bai yi masa ba, ya rufe makullin bututu na uku, gari ya yi ta zaginsa an ɗauke ruwa, har sai ya gyaru ya buɗe. Ta buɗe ranar da gada ta karye. Ga shi da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: ruwa ya ɓaci, na rufe awa goma sha ɗaya.

Tausayinsa ya kama ta, tsoro kuma ya fi tausayin yawa. In ta yi shiru, za a sallami tsohon nan a ce na'ura ta gaje shi, gari ya koma shan abin da bokiti ya ce. In ta yi magana, za a iya korarsa a ce ya yi zagon ƙasa. Kwana uku tana juya abin, sannan ta rubuta gaskiya tsaf, ta liƙa hoton bokitin, ta rufe da shawara biyu: a mayar da na'ura bututu, a bar Baba a kan aikinsa.

Kwamiti ya zauna. Darakta ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wa da wa suka ga wannan?"

"Ni da kai, ranka ya daɗe, sai su yanzu."

"Madalla." Ya juya ga sauran. "Tambaya ɗaya zan yi. Manhaja ta yi kuskure?"

Aka dubi Injiniya. Ta ce, "A'a, abin da aka ba ta shi ta auna. Amma..."

"A rubuta, ƙwararriya ta tabbatar. A shekara ukun nan an yi annoba?"

"Ba a yi ba, saboda Baba ne yake..."

"A rubuta, ba a yi ba."

Daga nan fa baki ya buɗe. Wani farfesan lantarki ya ce shi a ganinsa wannan dabara ce babba, don ta raba awo da matsalar ɗaukewar wuta gaba ɗaya. Wani ya ce kalmar bokiti ce kawai ba ta dace da rahoto ba. Minti arba'in aka kashe ana neman suna, aka tsaya a kan Ma'ajiyar Daidaita Awo. Aka amince a saya mata murfi na gaske. Littattafan Baba kuwa aka ce ba da izinin ofis aka rubuta su ba, saboda haka babu su.

"Shi Baban fa?" in ji Injiniya.

"Ba za mu hukunta shi ba, mu ba azzalumai ba ne. Zai tafi ƙarshen wata da takardar godiya. Ke kuma, tunda kin fi kowa sanin ma'ajiyar, an ɗaga ki, ke ce shugabarta. A tafa mata."

Aka tafa, har da masu cewa Allah ya sanya alheri.

Ranar ƙarshen wata Baban Tanki ya miƙa mata makullin ɗaki, ya ɗauki kwalinsa da butarsa ya fita. Ko rabin awa ba a yi ba hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta leƙa inda kogi ke shigowa, ta ga ya fara ja. Ta kwasa da gudu wajen makullan bututu, manyan ƙarafa masu kama da sitiyarin mota, guda tara a jere. Saboda zuwan masu ba da lambar yabo an shafe su da sabon fenti, lambobin duk sun ɓace.

Ta yi bakin ƙofa tana ƙwala kira. Ashe bai yi nisa ba, yana rakuɓe a rumfar jiran mota, kwalin a ƙirjinsa. Ya taho da sauri. Maigadi ya tare ƙofa.

"Ku yi haƙuri, wanda ya yi ritaya ba ya shiga sai da takardar Darakta."

"Darakta ya yi tafiya karɓo lamba!"

"To, sai ya dawo."

Baba ya kama ƙarfen ƙofar ya ɗaga murya. "Ƙirga daga wajen tagata, na uku! Ki murɗa dama har sai hannunki ya yi zafi!"

Ta je ta murɗa, tafin hannunta ya saluɓe. Ta dawo sharkaf, takalmi ɗaya a hannu.

"Na rufe. Yaushe zan buɗe?"

"Sai na ga ruwan. Ungo kofi, ɗebo mini."

Ta ɗebo ta kawo. Tana shirin miƙa masa ta tsakanin ƙarafa, maigadi ya yi gyaran murya. Ya ce shi ba ya son rigima da kowa, amma ruwan nan kayan ma'aikata ne, ba ya fita sai da takarda.

Sai ta riƙe kofin daga ciki. Tsohon ya manna fuskarsa a ƙarfen daga waje, ruwan sama na bin gemunsa, ya ƙanƙance ido.

"Ɗaga shi sama kaɗan, 'yata, wajen haske," in ji shi. "Idon nawa ba kamar da ba."