Tafi Biyu a Kowane Buhu

Buhu na uku ke nan da sikeli ya yi ƙara, jar fitila ta kama, amma mai riɗi ko waiwayawa bai yi ba. Idonsa na kan jirgin ruwa. Shekara arba'in yana sayar da riɗi, sai yau ya ga abin da ke kwashe shi. Jirgin ya fi unguwarsu tsawo, kwantena kan kwantena hawa tara, wani ƙarfe mai dogon wuya yana ɗaga su kamar kwalin ashana. Baƙin da suka gina tashar jiragen ruwan su ne masu jirgin, su kawo babura da wayoyi, su tafi da riɗi. Shi dai sai tasbihi yake yi.

"Baba, akwai matsala," in ji autarsa, wadda ta yi karatu a ƙasar baƙin, take yi masa tafinta. "Wakiliyar kamfanin jirgin ta ce kowane buhu ya haura kilo hamsin."

"Ai gyara ne. Tafi biyu na ƙara a kowanne, da hannuna. Ni na taɓa sallamar mai saye ba gyara?"

Auta ta fassara. Wakiliyar, wata 'yar gajeruwa mai hular kwano, ta yi dogon bayani tana nuna jirgin.

"Ta ce da nauyi ake jera kaya, don kada jirgin ya karkace. Abin da takarda ta faɗa, shi za a samu a ciki. Kuma ƙarfe biyu ake rufe ƙofar karɓar kaya."

Buhu ɗari huɗu ne, na manoma talatin da suka damƙa masa amanar noman shekararsu. In jirgin ya tafi, riɗin zai yi wata guda yana shan danshin teku kafin wani jirgin ya zo. Duk da haka, mamakinsa ya fi tsoronsa yawa.

"Auta, tafin hannun nan nawa ne zai karkata wannan dutsen?"

"In kowa ya ƙara nasa, Baba."

Dattijo ya tuɓe babbar riga. Shi da lebura shida suka hau farke bakin buhuna, su rage, su auna, su ɗinke. Hannun da ya saba ƙarawa yau shi ke ragewa, kuma abin ya yi masa ciwo ba kaɗan ba. Ƙarfe biyu ta buga saura buhu sittin. Ya zauna a kan ɗaya yana haki.

Wakiliyar ta zo ta tsaya kan tulin riɗin da aka rage, ta tambayi inda za a kai shi.

"Gaya mata nasu ne. Gyara ba ya komawa gida."

Matar ta durƙusa, ta ɗebi riɗin a tafinta, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta koma gefe tana magana a waya, ta dawo ta faɗa wa auta wani abu.

Auta ta yi dariya, idonta da ƙwalla. "Baba, ta ƙara maka awa ɗaya. Ta ce ga nata gyaran."

Mai riɗi ya ɗaga kai ya dubi jirgin tun daga goshi har wutsiya. Sannan ya miƙe, ya ce a miƙo masa allura.