Haƙori Ko Faifai

A ofis ana ce mata 'Yar Ƙamus, don ba ta barin kalma ta wuce ta sai ta san asalinta. Ranar Litinin manaja ya ajiye mata littafin gyaran injin niƙa, ya ce a mayar da shi Hausa kafin Alhamis.

Aiki na tafiya sumul har shafi na tara, inda ta ci karo da wata guntuwar kalmar Turanci, kog. Ta buɗe ƙamus. Ma'ana ta farko, haƙorin giyar inji. Ta biyu, faifan da haƙoran ke jikinsa gaba ɗaya. Sai kuma wani jirgin ruwa na zamanin da, da maguɗi a caca, har da ƙaramin ma'aikacin da ba wanda ya san da zamansa.

"To, wannan ta ƙarshen ni ce," in ji ta.

Jirgi da caca ba su dame ta ba. Biyun farko ne suka tsaya mata a wuya. Littafin ya ce idan injin ya fara ƙara a canza kog. Haƙori ɗaya za a canza, ko faifan duka?

Da ta tambayi manaja, ya ce, "Rubuta ta yadda take kawai. Makanikai sun san abinsu."

"Ranka ya daɗe, in sun san Turancin, me ya sa aka ce mu fassara?"

Ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Da aka tashi aiki ta ɗauki littafin ta nufi garejin kawunta, tsohon makanike da ya shekara talatin yana cikin baƙin mai. Ta same shi yana wanke sifana a cikin gwangwani.

"Yau boko ya zo gaida gareji?"

"Kawu, taimako nake nema. Kuna da irin wannan injin?"

Ya dubi hoton da ke littafin, ya nuna wani irinsa a lungu da buhu a kansa. Ta karanta masa jimlar, ya fara ba ta amsa, ta tare shi.

"Ku yi haƙuri, so nake in gani da idona."

Ya miƙa mata sifana. "To bismillah. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota ake yi."

Ta fara kwance murfin injin, noti na uku ya ƙi motsi. Ta danna har tafin hannunta ya yi ja, sifanar ta zame ta fasa mata farce. Kawu ya miƙo hannu zai karɓa, ta girgiza kai. Ta ɗiga mai, ta jira, ta sake dannawa da dukkan nauyinta. Sai notin ya saki.

Da murfin ya fita ta ga faifan. Ta bi haƙoran da yatsa. Ƙarfe ɗaya ne da jikinsa, ba mahaɗi ko ɗaya.

"Ashe ba a cire haƙori shi kaɗai."

"Da kin rubuta a canza haƙori, wani zai ɗauko walda ya ɗana sabo. Kwana biyu ya karye, ya tafi da sauran."

A nan kan benci ta zauna ta bi littafin daga farko. Sau goma sha ɗaya kalmar ta fito. Bakwai haƙori ake nufi, huɗu kuma faifan. Ta yi wa kowacce alama, yatsunta suna barin baƙin tabo a gefen takarda.

Ranar Alhamis manaja ya karanta shafi na tara sau biyu. Ya jawo wani littafin daga durowa, na injin ban ruwa, ya tura mata.

Ta duba kaurinsa, ta ce, "Wannan sai an ba ni mako biyu. Da kuma injin."