Sana'ar da Ya Rubuta a Layi na Uku

Tun ranar da masu shirya wani taron ma'aikatan lafiya suka karɓi taƙaitaccen bincikensa, tsoro bai bar Ɗan Difloma ba. Haka ake kiransa a sashen masu ciwon daji, domin shi ne ƙaramin ma'aikacin jinya a wurin.

Ya yi rubutun ne a kan wata hanyar ɗaure rauni bayan tiyatar nono, wadda ke barin hannu ya motsa. Don ya nuna amfaninta, sai ya ambaci shekarun majinyaciyar da sana'arta, cewa tana tuƙa motar 'yan makaranta. Bai sa suna ba. Sai daga baya ya tuna cewa a duk garin mace ɗaya ce ke wannan aiki, kuma ta ɓoye wa makarantar ciwonta don kada a karɓe makullin motar.

Ka'idar masu shirya taron a fili take. Mujallarsu tana buga duk abin da aka karɓa yadda aka aiko shi, ba a gyara ko wasali bayan rufe karɓa. Wanda bai yarda ba, sai dai ya janye.

Ya sami Sista, shugabar sashen, a ɗakin magani tana jera ledojin ƙarin ruwa, ya gaya mata abin da ke damunsa.

"Kai dai akwai ka da neman ciwon kai," in ji ta. "Wa ke karanta mujallar nan? Ko mu da ake aiko wa, shayi muke ɗorawa a kai."

"Ranki ya daɗe, ana sa ta a intanet."

"To shugaban makarantar ne zai je yana tono? Tun da aka buɗe sashen nan ba a taɓa karɓar bincikenmu ba sai wannan. Sunana yana ciki, ka sani."

Ya sani. Ya kuma san ita ce za ta sa hannu a takardar ƙaro karatunsa.

Ta taga yana hango matar a kan benci, tana jiran layin allura, tana murza kafaɗarta a hankali. Da ta gan shi ta ɗaga hannun har sama da kai, don ya ga yadda ya warke.

Sista ta ci gaba da jera ledojinta.

"Ki gafarce ni, Sista," ya ce. "Yau zan rubuta musu in janye shi."